Bishiyar da Ke Mutuwa da Damina

Duk layin an san Goggo mai awaki. Wanda bai san fuskarta ba ma ya san muryarta, don hira take yi da dabbobinta kamar da maƙwabta, har da faɗa da shiri.

Mijinta bai bar mata gona ba. Abin da ya bari gawo ne guda ɗaya, ƙato, a bayan ɗaki. Gawo kuwa itace ne mai taurin kai. Da damina, lokacin da kowace bishiya ke ado, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya kamar busasshe. Sai rani ya ƙone ciyawa sannan ya yi kore shar, ya riƙa zubo 'ya'ya. Da ganyen da 'ya'yan Goggo ke riƙe awakinta. Na mutane haƙarƙari a waje, nata suna sheƙi, nono har ya yi yawa. Da su ta aurar da 'yarta, da su take sayen magani, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma tana taƙama da hakan.

Daminar bana ciwon ƙafa ya kwantar da ita a asibiti. Surukinta direba ne, tashin birni, mai kirki har ya so ya yi yawa. Ya zo gyara mata gida kafin a sallamo ta. Ya toshe yoyon rufi, ya ɗaga kai, ya ga busasshen itace ya sunkuyo kan ɗakin tsohuwa. Ya kira masu zarto.

Ranar da ta dawo, tun daga ƙofa ta ga haske ya yi yawa a tsakar gida.

"Mama, na raba ki da mataccen itacen nan, kar iska ta kayar miki da shi a ka," in ji shi, yana murmushi, tafin hannunsa duk ya sale. "Ga na girki nan, ya ishe ki shekara."

'Yarta, wadda ba ta nan aka yi, ta buɗe baki. Goggo ta matse mata hannu. Ta san abin da rani zai yi wa garken, ta kuma san ba ta da ƙarfin sayen dusa. Amma yaron nan don Allah ya yi.

"Sannu da aiki, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka."

Da suka tafi ta zauna a kan kututturen ta yi kuka mai isarta. Washegari ta aika a kira mata dillalin dabbobi.

"Kwashe su duka," ta ce, ba ta dubi turken ba. "Tun suna da nama a jiki."