Dattijon da Ke Saman Bangonmu

Maigidana mutum ne mai hankali a komai, ban da kan tsofaffin tutocin ƙungiyoyin wasa. Wasu 'yan ƙyallaye ne na ulu, masu faɗi a gindi da tsini a baki, da sunan ƙungiya a jiki, irin waɗanda Amurkawa ke kaɗawa a filin ƙwallo tun zamanin kakanninsu. Duk Asabar sai ya tada mota ya nufi Summerfield ko Sedgefield, inda masu gida ke baza tarkacensu a ƙofar gareji suna sayarwa, ya dawo min da tsumma yana washe baki. Ni kuwa in ce masa sannu da farauta.

Ya iya abinsa, wannan ba na ja. Yakan murza tuta tsakanin yatsu ya ce wannan ulun gaske ne, ta girme mu duka, waccan mai tauri da ƙyalli kuma ta jiya ce, tsufan ƙarya aka yi mata. Yana duba ɗinkin gindi da yadda fenti ya tsattsage, har sunsunawa yake yi. Kafin ka ce me, bangon falonmu a East Greensboro ya cika, ni da shara da kakkaɓe ƙura.

Akwai tuta ɗaya da ta hana shi sukuni, alhali bai taɓa sa ta a ido ba. Ta maƙwabcinmu ce, wani tsoho baƙar fata ɗan ƙasar, da muke ce wa Baba. Shi ke tarar 'yarmu in bas ɗin makaranta ta sauke ta muna wurin aiki, kuma ba shi da abokin hira kamar maigidana, sai dai hirarsu ta tsakar gida ce, bai taɓa shiga falonmu ba. Da ƙuruciya ya buga wa makarantarsu ƙwallo, makarantar baƙaƙe zalla da aka rufe tuntuni, kuma tutarta na nan a naɗe cikin kwali. Wata rana ya ce 'ya'yansa ba su damu da ita ba. Zai kawo ta ran Asabar ya ga bangon, in akwai wuri ya bar mana ita.

Ranar na soya ƙosai, maigidana ya sa kaftani kamar mai zuwa ɗaurin aure. Baba ya shigo rungume da kwalin, yana murmushi, yana bin tutocin da kallo daga ƙasa. Da idonsa ya kai can sama, sai murmushin ya ɗauke.

Tutar da ke saman duka tana da hoton wani dattijo mai farin gemu da malafa da sanda, a bayansa kuma wata alama mai ratsi biyu a gicciye da taurari. Maigidana bai lura da fuskar Baba ba. Ya hau bayani da Turancinsa, yana jin daɗi: wannan tsohuwa ce ta gaske, kuma ya ɗora ta sama ne domin a wurinmu ba a sa yaro bisa mai farin gemu. Dattijo ne, dole a ba shi girmansa.

Baba bai zauna ba. Ya ƙara matse kwalin a ƙirjinsa, ya tambaya a hankali, "Ka san ko wane ne wannan dattijon?"

"Alamar ƙungiyarsu ce, Baba."

"Mai gandun bayi ne," in ji shi. "Abin da ke bayansa kuma tutar waɗanda suka yi yaƙi don kada a 'yanta kakanninmu ce. In mun fita wasa a wani gari, ita ake kaɗa mana daga bayan mota, ana jifan bas ɗinmu."

Na ji tsoro, ba na Baba ba, na bakin maigidana, don na san halinsa in an taɓa masa tuta. Ai kuwa sai ya fara kame-kame, wai shi tarihi yake tarawa, wai orijinal ce, ba a samun irinta.

Na ajiye farantin ƙosai na juya Hausa. "Malam, sauke shi."

"Ki bari in yi masa bayani mana."

"Wane bayani? Mutum na gaya maka an jefe shi, kana cewa orijinal? Sauke shi yanzu, ko in hau kujerar da kaina."

Ya dube ni, ya dubi Baba. Baba bai ji Hausa ba, amma ya ji muryata. Maigidana ya jawo kujera ya hau, ya cire tutar ya kife ta a ƙasa. Yana kan kujerar ya nuna ƙusar da ta rage, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wallahi ban sani ba. Ga wurin nan na taku ne. Sama da kowa."

Baba ya daɗe yana kallon ƙusar. Ni dai addu'a nake yi a zuci Allah ya sa ya zauna, ko ƙosai ɗaya ya ɗauka.

"Na san ba ka sani ba," ya ce. "Amma ba zan rataye yaran makarantarmu a ƙusarsa ba."

Ya yi min godiyar abincin da bai ci ba, ya fita da kwalinsa. Bai ƙullace mu ba, ran Litinin ma shi ya tari 'yarmu kamar kullum. Maganar tuta ce dai bai sake tayarwa ba, maigidana kuma kunya ta hana shi tambaya. Har muka tashi daga unguwar, maigidana bai san ko wane launi ne da tutar Baba ba.