Dorinar da Ta Zo Mana Layya

Ina da shekara wajen takwas na daina cewa babana ya yi tafiya, na koma cewa a raina dorina ne. Ba ni na ƙirƙiro ba, kakata ce, mahaifiyar innata, wadda muke zaune a gidanta a Gaya. Tsohuwar nan idan ta shirya magana, ko alƙali sai ya gyara zama.

Gaskiyar da na sani daga baya ita ce, babana mushe ne, yadda muke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, a Dosso, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Zamanin mulkin soja ne, mutum sai ya waiwaya kafin ya gaisa da abokinsa. Ya faɗi wani abu a taron malamai, aka raɗa masa ana nemansa, ya ƙetare kogi ya shiga Benin. Innata ta ɗauko ni, da cikin ƙanena a jikinta, muka dawo gidan uwarta. A unguwar ba wanda ya san fuskarsa sosai, don shi mutumin Dioundiou ne. Ni ma fuskar ta ɓace mini, sai na ishi kowa da tambaya, har a gaban jandarman da ke haya a gidan da ke jikin namu.

Don ta rufe mini baki kaka ta zaunar da ni wata rana tana surfen gero. Ta ce babana ya shiga kogi wanka ne, mutanen ruwa suka so shi, suka sa masa fatar dorina. Lafiyarsa ƙalau, yana cin ciyawa a tsibiri, ya yi ƙiba. Ta ce ranar babbar sallah akan ba irinsu izini su tuɓe fatar su fito su ga iyalinsu, amma da sharaɗi. Idan wani ya gane dangantakar, ko yaro ya yi wauta ya ce baba, nan take fatar za ta dawo a gaban jama'a, masu bindiga su harbe. Na yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari. Duk lokacin da muka je wanki bakin kogi na hango kunnuwa can a tsakiyar ruwa, sai in durƙusa in gaida su a ɓoye.

Sallar layyar shekarar, ana saukowa daga idi, wani mutum ya yi sallama a zaure. Siriri ne, da rawani ya rufe rabin fuska, ƙafar wandonsa jiƙe har gwiwa, yana warin kogi. Kaka ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, ta ce ɗan ƙanin marigayi mijinta ne daga wajen Tanda, ta aika masa ya zo ya yanka mana rago tunda gidan ba namiji. Innata ta gaishe shi daga nesa ta shige ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Sirantarsa ta ba ni shakka, don an ce mini ya yi ƙiba. Amma jiƙaƙƙen wandon ya tsaya mini a rai, na kasa cin ko waina.

A wajenmu ba a yayyanka ragon layya a ranar. Feɗe shi ake yi a buɗe shi gaba ɗaya, a soke shi da sanduna biyu a gicciye, a jingina kusa da babbar wuta a ƙofar gida, ragunan maƙwabta duka a kewaye, su yini suna gasuwa. Sai washegari ake rabawa. Aikin yana son 'yan aike, shi ya sa baƙon ya riƙa kiran yara. Ya kira ƙanena da sunansa ya ce ya miƙo wuƙa. Ya kira 'ya'yan ƙanwar innata ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, sau ɗaya aka faɗa masa ya riƙe. Da ya zo kaina sai ya kalli gefe ya ce, "Ke, kawo gishiri."

Na kawo. Can kuma, ke, kawo ruwa. Ke, matsa daga hayaƙi.

Ni 'yar fari ce. Innata ba ta taɓa faɗar sunana ba, kunyar ɗan fari ba ta barin ta, ko sunan wata ya zo daidai da nawa sai ta ce mai sunan yarinyar nan. Na san duk duniya mutum biyu ne kawai sunana ya fi ƙarfin bakinsu. Ina tsaye da kwanon ruwa na gane ko wane ne, sai ruwan ya zube mini a zanen sallah. Murna ba ta samu wuri ba, tsoro ne ya cika ni. Na dinga leƙen bayan wuyansa ko fatar ta fara fitowa, na danne leɓena da haƙori don kada kalmar baba ta kuɓuce.

Sai ga jandarma ya fito da kujerarsa, ba kaki, yana sanye da farar riga, ya zauna kusa da nasa ragon. Mutum ne mai fara'a, yakan ba mu alewa, amma duk unguwar idan ya zauna hira takan koma ta ruwan sama da shinkafa. Ya yi wa baƙo barka da sallah, ya tambayi mutanen Tanda, ya tambayi gonakin fadama. Baƙo yana amsawa a gajarce, kansa a sunkuye yana gyara itace. Kaka ta fito ta zauna a bakin zaure da carbi, ita da ba ta taɓa zama a waje ranar sallah ba.

Ban san ko jandarman ya lura da abin da na lura ba. Ya dai yi ta kallon baƙo yana aikena, sannan ya nuna ni da tsinken da yake sakace.

"Malam, tun ɗazu ina ji kana ta ke, ke. Yarinyag ga ba ta da suna ne? Ko ba ka san ɗiyan gidanku ba?"

Carbin kaka ya tsaya. Ni kuwa zuciyata ta rabu biyu, kuma har yau ina jin ciwon rabuwar. Idan ya ƙi faɗa, an gane shi, fatar ta dawo, mutumin nan yana da bindiga a ɗaki. Idan ya faɗa, to ba babana ba ne, na yi ta fargaba a kan baƙon banza.

Baƙo ya ajiye itacen hannunsa, ya share gumi da gefen rawani. Ya dube ni ido cikin ido, karon farko tun zuwansa, ya faɗi sunana. Ya faɗe shi a hankali, cikakke, kamar yadda liman ke faɗa ranar suna. Ya ƙara da cewa in kawo wa maƙwabci soyayyar hanta.

Jandarma ya yi dariya ya ce ashe ya sani. Na kai hantar, ya ci, ya yaba gishirin.

Kafin rana ta faɗi baƙo ya ce zai koma, mai jirgin da ya kawo shi ba ya jira. Bai ɗanɗana ragon da ya yini yana juyawa ba. Ya shafa kan ƙanena, ni ko kallona bai yi ba, ya bi lungun da ke gangarawa kogi.

Na sami kaka a madafa na faɗa mata cikin fushi cewa ba shi ba ne, tunda ya kira sunana. Na ce ƙarya take mini, ba wata dorina. Na zaci zagi zan sha, don ba a yi wa tsohuwar nan haka. Ta jawo ni ta zaunar a cinyarta duk girmana, ta ce a hankali, "Shi ne, ɗiyata. Kalmag ga ta hi yanka ragon wuya gare shi." Daga ɗaki ina jin innata tana kuka a cikin zane don kada ya wuce katanga.

Ban yarda ba gaba ɗaya. Shekaru na yi ina juya abin, wata rana in ce shi ne, wata rana in ce sun haɗa baki ne su lallashe ni. Na daina gaida dorina, amma ban daina kallon kogi ba.

Sai da al'amura suka lafa, ina budurwa, ya dawo ta kan gada da rana tsaka, da akwatinsa a hannu, ba rawani. Gida ya cika da mata ana ta barka. Ya kira ƙanena da suna ya rungume shi. Ni ina tsaye jikin katanga, ina jira in ji yadda zai kira ni. Ya juyo ya gan ni, ya yi sauri ya kau da kai.

"Ke," ya ce, "kawo mini ruwa."

Da gudu na tafi randa.