Rabon tsohuwar Mai Shinkafa

Mun tashi da asuba daga Maraɗi, ni da abokin aikina, da telegaram a aljihuna. Shef, wato shugaban Sinuwa 'yan ƙasar Sin da nake wa aike, shi ya ba ni, ya ce in kai wa mutuminsu da ke koyar da noman shinkafa a bakin tabkin Madarumfa. Uwarsa ce ta rasu.

Kuɗin mota dala sittin, a wata akwala da sai an tura take tashi. Tun daga hanyar Ɗan Issa gero duk ya ƙone a tsaye, ga kaka ta zo, rumbuna wayam. Wata mata a motar ta ce tiyar gero ta fi ƙarfinta.

Mun tarar da Mai Shinkafa, haka ake ce masa, yana ta fara'a. Ashe ranar sallarsu ce ta kaka, wadda iyali ke taruwa su kalli cikar wata. Ya hana mu komawa. Muka ci soyayyen kifin tabki, ni ko kamar ƙasa nake taunawa.

Bayan magariba wata ya fito, Mai Shinkafa ya kawo wata waina mai zane, da zaƙi a ciki. Ya yanka huɗu: nasa, na matarsa, na ɗiyarsa, na tsohuwarsa, su ukun suna can ƙasarsu. Ya ce al'adarsu ke nan, wanda ba ya nan ma ana ajiye masa rabo.

Wallahi kasa miƙa takardar na yi. Sai na bi yadda muke yi a gida, na sunkuyar da kai na ce, "Sai haƙuri, jikin tsohuwa ya yi tsanani."

Bahaushe da ya ji haka zai fara salati. Shi ko cewa ya yi, "Tari ne, kullum sanyi tana yi. Za ta warke."

Abokina ya taka mini ƙafa. Na bar takardar a aljihu.

Da safe ya naɗe rabonta a takarda, ya ce in kai wa shef ya ba wanda zai tafi ƙasarsu ya kai mata.

Mun iso Maraɗi da azahar, raina a jagule. Tafiyar ta koya mini cewa kawaicinmu sai mu muke gane shi. Ga baƙo, kamar ka ɓoye masa ne. Na shiga ofis na ajiye wa shef telegaram ɗinsa, na ɗora wainar a kai.