Ranar da jakada ya kai ni goyon ciki

Tun cikina yana wata bakwai tsorona ɗaya ne, kada naƙuda ta kama ni a hanya ban isa wurin innata ba. Cikin fari ne, kuma mu haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta. Ƙauyenmu yana hayin iyaka, cikin Nijar, gaba kaɗan da Kongolam. Daga Mai'adua kowa babur yake hawa ya bi ta gonaki, nan da nan ya isa.

To, lokacin ba a daɗe da fara shari'a ba, ana ta magana a kan mace ta hau bayan ɗan acaɓa. Sai baffan maigidana ya ce shi zai kai ni da motarsa. Tsohon jakada ne, ya wakilci ƙasa a wuraren da ban iya faɗin sunansu ba, ya yi ritaya ya dawo Daura. Ko gaisuwar safe sai ya sa babbar riga yake amsa ta. Ya ce shekara da shekaru yana ƙetare iyaka ta ƙofa, ba za a ce surukarsa ta bi ta gona ba.

Muka tashi da hantsi, ni da yayar maigidana a baya, shi yana tuƙi a hankali, yana ɗaga wa mutane hannu. Tun a Mai'adua bayana ya fara riƙewa. Ta yaya zan faɗa a gaban suruki?

A Kongolam ma'aikatan suka gane shi, suka ce, "Ranka ya daɗe, a wuce kawai." Ya ce a'a, ba haka ake yi ba. Ya fito da jan fasfonsa da wata takarda da ya rubuta a kaina, Turanci sama, Faransanci ƙasa, ya shiga gaida babbansu, makullin mota a aljihu. Ta taga na ga an kawo masa kujera. Na ga an kawo shayi. Na ga ya miƙe yana jawabi, hannu ɗaya a ƙirji.

Yaya ta dube ni ta ce, "Ke, lafiya kike cizon mayafi?"

Na ce, "Yaya, kamar dai abin ne."

"Innalillahi! A gaban kwastan?"

Wata tsohuwa mai tuwo-tuwo ce ta ja ni ɗakinta a bayan rumfa. Kafin la'asar yarinyar ta faɗo. Innata ta zo a kan babur, ta gonaki, ta tarar har an yanke cibi.

Da Baffa ya fito aka yi masa albishir, ya yi hamdala, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya tambayi tsohuwar, ɗakin nata a Najeriya yake ko a Nijar? Ta ce, "Alhaji, ni dai a nan nake kwana."

Mutumin kirki ne, wallahi, rago biyu ya yanka ranar suna. Amma yanzu ina da wani cikin, wata shida, shi ma a wurin innata nake son in haihu, kuma jiya ya aiko a ce mini wannan karon tun da wuri zai rubuta takardar. Ni bakina ba zai iya ba. Don Allah, in akwai mai zama da shi a cikinku, ya roƙar mini shi ya bar ni in hau motar kasuwa.