Masa da dabino a maimakon gato

Shekarar da yarona ya cika biyu, babansa yana Tchibarakaten yana tuƙa kamiyon ruwa ga masu haƙar zinariya. Wata rana da hantsi ya kira ni, ya ce ya ga hoto a salular abokinsa, an yi wa ƴarsa anibarsar, bikin ranar haihuwa, da gato, wato kek, mai faɗi kamar faifai, an rubuta suna a kai. Ya ce shi ma a yi wa nasa haka, in aika masa hoto.

Na ce to. Ban faɗa masa abin da ke damuna ba. Na yaye yaron bai fi sati biyu ba, kuma tun daga ranar ya ƙi abinci. Koko sai ya kawar da kai. Shinkafa ya riƙe a baki ya tofar. Zaren da ke wuyan hannunsa, wanda a da sai na sassauta, ya koma yana zamewa har gwiwar hannu. A Damagaram da wurin innata za a kai shi yaye, ita ta san yadda ake lallashi. Nan Arlit ba ni da kowa sai maƙwabciyata, wata dattijuwa Buzuwa da ta sauko daga duwatsun Ayar tun mijinta yana aikin ma'adini. Inna nake ce mata. Ga kuma kunya, ɗan fari ne, ko sunansa ba na kira, balle in tara mutane dominsa.

Gaton site, unguwar ma'aikatan ma'adini, ba zai yiwu ba. Na taɓa ganin irinsa a wani gida, kuran, wutar lantarki, ya ɗauke, kafin baƙi su zauna farin man da ke sama ya narke ya gangaro kan tebur. Ni ko firigo ba ni da shi. Sai na ce bari in gasa da kaina yadda ake yi a gida: a zuba yashi a gindin tukunya, a ɗora kwano a kai, a rufe, garwashi sama da ƙasa.

Na ɗauko tukunyar, sai na tsaya ina kallonta. A kasuwa na saye ta, wurin masu narka ƙarfe su zuba. Mutanen gari suna cewa wasu ƙarafan daga ma'adini suke fitowa, kuma gubar da ke jikinsu ba a ganinta, ba a jin warinta. Kullum a cikinta nake dafa tuwo, ban taɓa tsayawa ba sai ranar. Na fita ɗebo yashi kuma, na rasa inda zan duƙa. An ce wata hanyar da duwatsun ramin ma'adini aka cike ta. Wace ce? Ban sani ba. Na yi ta zagaya bayan gida da kwano a hannu, yaro a baya yana ƙananan kuka, har rana ta fara cin ƙafata. Na dawo da kwanon babu komai.

Inna tana zaune a inuwar katanga tana tsince alkama. Hausarta ta mutanen Ayar ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu.

"Kai maman yaro, me ka ɓatar a ƙasa?"

Na faɗa mata. Ta yi dariya har ta ajiye faifan.

"Ni burodin da aka binne cikin yashi na ci na girma. Ga ni, haƙori ne kawai ya tafi."

"Inna, wannan yashin daji ne. Na gari fa?"

Ta ɗauki faifanta. Mijinta tari ne ya kashe shi, ba ta cika maganar ba. Can ta ce, "To bar yashi. Yaro ma da ba ya ci, wa za ka yi wa gato? Babansa zai ci ta cikin salula?"

Maganar ta zauna mini. Da na shiga ɗaki idona ya faɗa kan tandar masa da na zo da ita cikin kayan aure, ta laka ce, ƙasar garinmu. Ita kam na san inda ta fito. Na jiƙa shinkafa, na kai niƙa, na bar ƙullu ya kwana. Inna ta kawo dabino mai laushi na garkar ɗan'uwanta, muka cire ƙwallo muka daka da ɗan ruwa har ya zama kamar zuma mai kauri.

Washegari da la'asar na soya masa, bayana kamar zai tsinke. Na riƙa ɗora ɗaya kan ɗaya a faranti, ina shafa dabino tsakani, ya yi tudu. Buji, wato kyandir, na anibarsar ba ni da shi, na yanka na gida biyu na soka a sama. Inna ta leƙa ta ce, "Wannan hasumiya ba ta kai magariba."

Yaran kartiye, unguwarmu, suka cika tabarma. Suka fara waƙar anibarsar da suke yi a lakwal, makarantar boko, suna tafi, yarona ya tsorata ya fashe da kuka, ya cusa kai cikin rigata yana neman abin da na hana shi. Ina ƙoƙarin janye shi, wani ya taka gefen faranti, tudun ya kife. Masa ta watse kan tabarma, yara suka yi wawa. Na zauna kawai. Ko faɗa ban iya ba, ƙirjina yana ciwo da nonon da bai gama ƙafewa ba, ga shi hoton ma ban ɗauka ba.

Inna ce ta taɓa ni da ƙafa. "Kada ka yi magana. Duba."

Yaron ya sauka daga cinyata. Ya ga sauran suna ƙwace, shi ma ya miƙa hannu ya damƙi guda, duk dabino. Ya lasa. Ya sake lasa. Sai ya gatsa, ya tauna, ya haɗiye. Na kawar da kai kamar ban gani ba, don in ya ga ina kallo zai yar. Ya cinye ta, ya je ya ƙwace rabin wata a hannun wata yarinya.

Hoton da na aika wa babansa na yaron ne, fuska da riga duk dabino. Ya kira.

"Ina gaton?"

"Ga shi nan a bakinsa."

"Ya rame fa."

"Ya fara ci," na ce.

Kashegari rabin masa ya ci ya ture hannuna. Na kira yaran Inna biyu, jikokinta, na zaunar da su kusa da shi da nasu a hannu, sai ya ƙarasa. Haka muka yi ta yi har zaren ya daina wuce wuyan hannu. Tukunyar kuwa tana nan, a cikinta nake tuwo har yau, ba ni da wata.