Yatsun Shaame da Mangwaron Ninga

Maƙwabcina Mzee Shaame, wato dattijo Shaame, yatsu bakwai gare shi. In ka tambaye shi sauran ukun, sai ya ce sadaka ya yi wa tsuntsu da su.

Da ƙuruciyarsa babu mai gwanintarsa a wasan bijimi duk arewacin tsibirin Pemba. A saki bijimi a fili, ya tsaya da ɗan ƙyallensa, sai ƙaho ya kusa taɓa cibiyarsa ya goce, mata su ɗauki guɗa. Sana'arsa ta biyu kuwa kashe ninga, koriyar kurciyar nan mai shan ɓaure wadda babu irinta ko'ina sai tsibirinmu. Ya shafa danƙo a reshe, ya dawo ya murɗe wuyan goma sha biyu kafin azahar. Ni ma na sha romon, ba zan yi ƙarya ba.

Da ninga ta yi wuyar gani, masu kula da daji suka ɗauke shi gadi, don shi ya san inda take kwana. Na ce, "Mzee, yanzu kai ne limamin waɗanda ka cinye kakanninsu?" Ya jefe ni da ɓawon kwakwa.

Akwai wani tsohon mangwaro a bakin daji, kusa da ɓaure, inda ninga biyu suka yi sheƙa, 'yan tsinke kawai da ƙwai a kai. Faki, ƙanen matarsa, masassaƙin kwalekwale, ya sa wa itacen ido. Wata Talata da hantsi muka ji sara. Shaame ya ruga, na bi shi don gulma.

"Suruki, ajiye gatarin nan. Akwai ƙwai a sama."

"Ƙwai? Kai da ka ci uwarsu da ubansu? Matsa, tsohon banza!"

Shaame ya dunƙule hannu ya fasa masa leɓe. Faki ya yar da gatari, ya zaro adda. Nan fa tsohon ya tuna zamanin ƙuruciya. Ya kwance zanen ƙugunsa ya riƙe a gaba, yana rangaji, wai zai goce. Abin da ya manta, bijimi in ya sunkuya ido rufe yake miƙewa gaba, shi kuwa Faki idonsa biyu a buɗe. Shaame ya goce hagu, adda ta bi shi hagu. Na ga yatsu uku a cikin ganye, ɗaya har yana motsi.

Jini ya yi tsiri. Ina ihu ya ɗaure hannun, amma mutumin nan sai ya tafi da tangaɗi ya danna dungulmin cikin bakin saran, ya goga, ya sake gogawa, har itacen ya yi jajur.

"To sassaƙa!" in ji shi. "Mu ga masuncin da zai shiga teku da shi."

Faki ya yi tsaye baki buɗe. Duk garinmu babu wanda zai taka kwalekwalen da ya sha jinin mutum, ko kyauta aka ba shi.

Mangwaron na nan da tabonsa. Ƙwai ɗaya ya ƙyanƙyashe. Shaame yanzu da cokali yake cin shinkafa, kuma kullum na ga ninga ta wuce nakan leƙa ta katanga in ce, "Mzee, ga ɗan yatsanka can yana shawagi."