Hasumiya Huɗu a Kan Cinyata

Ƙanwata ce ta jawo min wannan aikin, kuma tana dariya ta jawo shi. Saura 'yan makonni bikinta ta shigo ɗakina da waya a hannu, ta zauna a bakin gado ta ce, "Yaya, kalli wannan." Hoton kek ne, amma an gina shi kamar gidan sarautar Turawa: ga katanga, ga ƙofa, ga hasumiya huɗu, kowacce a kusurwarta da 'yar hula mai tsini.

Na ce, "Ma sha Allah. A ina ake sayar da shi?"

Ta ce, "Ke za ki yi min."

Ni na riƙe yarinyar nan tun rasuwar mahaifiyarmu, tana 'yar firamare, don haka na san ta: ba ta roƙo sai ta riga ta gama yanke hukunci. Ashe gwaggon ango, wadda ke zaune a Kano, ta aiko cewa ita za ta kawo kek ɗin walima daga birni. Ƙanwata ta mayar da amsa ta bakin angon cewa an gode, amma yayarta tana yi. Magana ta riga ta isa Ajingi, garin angon, kafin ta iso kunnena.

Gaskiya a unguwarmu a Gaya an san ni da kek, amma ƙanana, na gwangwanin madara, waɗanda ake rabawa a suna da biki, sai cincin da alawar madara. A babbar tukunya nake gashi, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Ban taɓa yin abin da ya wuce tafin hannu tsayi ba. Na yi mata faɗa sosai, na ce wa ya aike ta. Ta bar ni na gama, ta ce, "To Yaya, in ce musu ba ki iya ba?" Na karɓi wayar na sake kallon hoton. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, in ginin nan ya kife a gaban dangin miji, ni zan hau mota in dawo gida, ita kuwa a can za ta zauna, kuma mata ba sa manta irin wannan.

Gwajin farko na gasa kek a gwangwanaye, na ɗora uku-uku, na shafe su da haɗin bota da sukari. Lokacin bazara ne. Kafin la'asar botar ta narke, hasumiyoyin suka zame ɗaya bayan ɗaya. Yarana ba su taɓa jin daɗin wata asara kamar wannan ba, har tambaya suke yaushe zan sake. Babansu kuwa ya sami abin tsokana. Da ya shigo sai ya ce, "Injiniya, yau ma gini ya rushe?"

Na ce masa tunda bakinsa yana aiki, ƙafarsa ma ta yi, ya samo min tsinken tsire in soke su da shi. Ya je wurin abokinsa mai tsire ya kawo min damƙa guda. Sababbi ne, amma a buhu ɗaya suke kwana da yaji da garin ƙuli. Kek ɗin ya fito yana ƙamshin tsire, har ƙaramar 'yata tana neman albasa. Kuma duk da haka bai tsaya ba. Tsinke ɗaya a tsakiya, hasumiyar sai ta riƙa juyawa a kansa tana karkata, ƙarshe ta tsage. Ranar na zauna a kan turmi na yi kuka na haushi.

Ana cikin haka na je Kademi kai goron gayyata gidan kakanninmu. Ina zaune a tsakar gida ana ta gaishe-gaishe, idona ya sauka a kan zankayen tsohon zauren, waɗannan ƙahonin ƙasa da magina ke fitarwa a kusurwar soro. Tun ina yarinya nake ganinsu, damina ta zo ta wuce suna nan. Na ƙura musu ido har wata inna ta ce ko lafiya. Gindinsu faɗi gare shi, sai su yi ta sirancewa zuwa sama. Kuma ba ɗora su aka yi a kan bango ba, daga cikin jikin bangon suka fito. Ni kuwa ina ta jera gwangwani kai ɗaya a kan shimfiɗa, ina jiran ikon Allah.

Da na dawo na sake lissafi. Na nemo gwangwani kala uku: babba na tumatir, na madara, da ɗan ƙarami. Na rage abin da ke sa kek ya kumbura don na hasumiyar ya yi nauyi, na bar shi ya kwana ya daskare jikinsa. A kowace kusurwa ta babban kek ɗin da na gasa don ya zama jikin gidan na yanke rami daidai gindin hasumiya na zaunar da ita ciki. Na wanke tsinken da ruwan zafi, na shanya a rana har ƙamshin ya fita, na soka bibbiyu, a ɗan karkace, har sai da na ji sun taɓa tire. Saura abin liƙi da rana ba za ta narkar ba, kuma ashe yana cikin sana'ata: alawar madara. Da zafinta ake shafa ta tsakanin kek da kek, a danna da sauri kafin ta sandare. Na ƙone yatsu biyu. Da ita kuma na murza hulunan masu tsini.

Da ta huce na kama tiren na jijjiga shi. Ko gezau. Na kira baban yara na ce ya zo ya jijjiga da kansa. Ya jijjiga, ya leƙa ta nan ya leƙa ta can, ya ce, "Lallai." Daga bakinsa wannan yabo ne babba.

An kai amarya da yamma, washegari walima. Da safe na kifa kwali a kan kek ɗin, na kama kujerar gaba a ƙaramar bas mai zuwa Ajingi, na ɗora tiren a cinyata na rungume. Na ce wa direban, "Malam, don Allah a hankali, kayan amarya ne." Ya ce, "Hajiya, ni dai zan yi a hankali, hanya ce ban sani ba." Duk ramin da muka zo sai in ɗaga tiren sama. Mun kusa shiga gari wasu awaki suka tsallako titi, ya taka birki da ƙarfi, kwalin ya daki gaban motar. Na yi salati da ƙarfi har na baya suka amsa. Ban buɗe ba. Na ce ko me ya faru, a can zan gani.

A tsakar gidan surukan ƙanwata na ɗaga kwalin, mata sun kewaye ni. Hula ɗaya ta tsage, na juya wajen ya kalli bango. Amma hasumiyoyin nan huɗu suna tsaye cir. Wata ta rangaɗa guɗa. Gwaggon ango ta taso, ta zagaya teburin a hankali, mayafinta a kafaɗa, ta ce, "'Yar nan, daga Gaya kika taho da wannan a mota? Ba zai faɗo wa mutane ba?"

Na ce, "Gwaggo, taɓa ki ji."

Ta sa yatsa ta ɗan tura.

Na ce, "Tura da kyau."

Ta tura da kyau, har teburin ya motsa. Sai ta yi dariya ta tafa hannu ta ce wa matan gidan, "Ku zo ku ga aiki!" Na waiga wajen ƙanwata. Tana zaune a kan darduma cikin lulluɓi, ta sunkuyar da kai kamar yadda amarya ke yi, amma ina ganin kafaɗunta suna rawa don dariya. Wallahi a lokacin ji na yi kaina ya yi girma, kuma ban ji kunyar hakan ba. Da aka zo rabo sai da na zare tsinkayen da kaina, aka sa wuƙa da ƙarfi kafin alawar ta saki. Gwaggo ta sa aka naɗe mata hasumiya guda sukutum, ta ce Kano za ta kai a gani.

Bayan la'asar muka yi sallama. Na shiga ɗakin ƙanwata, na yi mata 'yar nasihar da mahaifiyarmu ya kamata ta yi, ta riƙe gefen mayafina tana kuka, na ɓamɓare hannunta na fito. Duk makonnin nan hankalina yana kan kek, ban sami sararin tuna cewa tafiya za ta yi ba.

A motar komowa kujerar baya na samu. Mun yi nisa sai matar da ke gefena ta taɓa ni ta ce, "Baiwar Allah, sassauta mana, ai ba komai a kan tiren nan." Na duba, ashe na rungume shi da hannu biyu, ina ɗaga shi duk sanda muka zo rami. Na ce mata, "Ƙanwata na kai ɗakinta." Ta ce Allah ya ba su zaman lafiya. Na ce amin, kuma har muka iso Gaya ban iya sauke shi ba.